Kilo Shida na Mariamou

Mariamou 'yar Damagaram ce, kuma tun tana shekara bakwai ba a cika ganinta tsaye kan ƙafafunta ba sai lokacin salla. Sau uku tana cin gasar alkafura ta mata. A karo na huɗu ita kaɗai ta shiga, duk da haka alƙalai suka ba ta na biyu, wai babban yatsanta ya motsa da ta dira. Ran nan ta kira yayanta Buraima, direba a unguwar Manfuha ta Riyad, ta ce ya nema mata biza.

A 2017 ta sauka Riyad. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta ce mai shara ce, a wani sabon gidan motsa jiki na mata a unguwar Malaz. Wata biyu tana goge madubai ba wanda ya san ko ita wace ce, har ranar da kyanwar Ummu Fahad, mai wurin, ta hau bututun iyakwandishan ta ƙi saukowa. Mariamou ta ajiye tsintsiya, ta ruga, ta taka benci, ta juya sau biyu a sama, ta dira ƙafa haɗe, kyanwa a hammata.

"Wallahi daga yau ke ce malama," in ji Ummu Fahad.

Mata goma sha biyu suka yi rajista. Mariamou ta yi musu shimfiɗa, suka zauna, suka fito da gahawa da dabino.

"Mama, ku tashi mu fara," ta ce wa babbarsu.

"Yalla, ke fara. Muna kallo."

Haka aka yi wata guda. Tana tafiya da hannu, tana wuntsilawa kan siririn katako, su kuwa suna salati, suna gumi don tsoro. Da wata ya ƙare aka kawo sikeli. Ba wadda ta ragu sai Mariamou, kilo shida cif. Matan suka yi shawara, suka ce tunda a ajinsu abin ya zube, nasu ne, kowacce rabin kilo. Ummu Fahad ta buga musu takardun shaida, aka sha guɗa.

Ran Juma'a ta ba Buraima labari, ranta a ɓace.

"Sun ji daɗi?" ya tambaye ta.

"Yaya, wasu ashirin sun yi rajista."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya tura mata farantin shinkafa.

"To ci, ƙanwata. A haka ba za ki ishe su ba."