Awon Surukin Malam Ishaq

Malam Ishaq ne ya fara ɗora wa Nazir bindiga a kafaɗa, kuma ba ya gajiya da faɗin haka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shekara huɗu ke nan da ya ɗauki mijin 'yarsa, wanda likita ne, ya kai shi kulob ɗin harbi da ke bayan garin Birmingham, ya tsaya masa har lasisi ya fito. A lokacin likitan ko kanne ido ɗaya bai iya ba.

Yanzu kuwa aiki ya mai da Nazir Manchester, ya shiga kulob ɗin can, kuma duk gasar da aka haɗa garuruwan biyu shi ke zuwa na ɗaya. Turawan da suka shekara ashirin suna kiran Ishaq "Chief" sai su wuce shi da ɗaga hannu, su je su kewaye Dokta suna jujjuya harsasansa kamar masu zaɓen goro, don shi da kansa yake ɗura musu albarushi a gareji. Ishaq, jikan Sarkin Maharba guda daga ƙasar Birnin Gwari, yana gefe riƙe da shayi.

"Ba hannu ba ne," ya ce wa matarsa Asama'u. "Awon albarushi ne. Makaho ma ka ba shi wannan awon sai ya samu."

"To ka tambaye shi mana."

"In tambayi suruki? Ni?"

"Sai ka zauna kana ƙauri kamar tuwon da aka manta a wuta."

Wata Asabar suka je Manchester ganin jika. Nazir na fita sayo nama, Ishaq ya ce bari ya miƙe ƙafa, ya zame gareji. Ga littafin awon a buɗe. Ya kwafi lambar a bayan tikitin bas. Sunan albarushin da ke gefenta kuwa ko kallo bai ishe shi ba. A gidansu albarushi albarushi ne. Da yatsu kakansa ke auna wa adaka, bai taɓa tambayar sunansa ba.

Da ya dawo gidansa a unguwar Handsworth ta Birmingham ya sauko da gwangwanin albarushin da yake ɗura wa ƙaramar bindigarsa ta harbin kusa, ya auna daidai lambar nan, ya cika kwanson harsashi ashirin na babbar bindigar. Ya jera su a akwati yana 'yar waƙa.

Ranar gasa da hantsi Nazir ya biyo ya ɗauke shi. Ya durƙusa ya gaishe shi, yana miƙewa idonsa ya faɗa kan tebur: gwangwani, akwati, tikiti.

"Baba, da wannan aka ɗura waɗannan?"

"Da shi. Da awon wani mutum kuma, mai ganin shi kaɗai Allah ya koya wa lissafi."

Nazir ya tsaya yana murza makullin mota. Suruki ba ya buɗe baki ya ce wa uban matarsa ya yi kuskure. Sai ya juya wajen ƙofar kicin.

"Umma, in za a dafa ganda a gida, kara ake sa wa ko kirya?"

"Kirya mana. Kara ai sai ya tashi fuu, ya mutu."

"To albarushi ma haka yake, Umma. Akwai mai ci a hankali, yana tura harsashi har ya fita. Akwai mai kamawa gaba ɗaya. Kowanne da nasa awon a littafin kamfanin da ya yi shi. In aka ɗauki awon mai sanyin aka zuba mai zafin, ba harsashin ne zai fita ba, bindigar ce za ta buɗe, daidai inda fuska da hannu suke."

"Ni kake wa karatu ta bakin matata?" Ishaq ya ce. "Tsoro ne kawai. Ka ga yau za a kayar da kai."

Nan Nazir ya ajiye kunya. "Baba, na ɗinke irin wannan hannun sau ɗaya a sashen gaggawa na asibiti. Yatsu biyu muka iya ceto. Wallahi in ana so in janye daga gasar yau, na janye. Amma kar a harba ko ɗaya."

Wannan ta fi komai ciwo. Wato har kyautar kofi za a yi masa, kamar yaro. Ya so ya ce kakansa ya harbi ɓauna ba littafi, amma sai ya tuna kakan nan hannun hagunsa dungu ne, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu dalili. Asama'u na tsaye riƙe da ludayi.

Ya ɗauki akwatin. "Mu tafi. Kuma ba wanda zai janye."

A kulob ya wuce kai tsaye wajen Derek, tsohon da ke kula da tsaron filin, ya dire masa akwatin, ya ce a warware su duka, ba su da kyau. Derek ya tambayi yadda aka yi. Ishaq ya ɗaga murya yadda na nesa ma zai ji, ya ce shi dai awon da ya gani a littafin Dokta ya bi.

Turawan nan suka juya suka dubi Nazir, wani har da ɗaga gira. Nazir ya sunkuyar da kai.

"Haka ne, Baba," ya ce.

Ishaq ya karɓi harsasan kanti, ya kwanta ya yi harbinsa da yatsunsa goma, ya zo na bakwai. Daɗin kallon nan da aka yi wa surukinsa ya raka shi har ƙarfe uku, lokacin da aka kira sunan wanda ya zo na ɗaya: Nazir.