Godiyar Dubiya

Ranar da zazzaɓi ya saki Malam Ɗahiru na Ƙofa, sai ya ce zai fita zagayen godiya ga waɗanda suka zo masa dubiya, kamar yadda aka saba. Kuma da garin Kiru zai fara, gidan ƙanensa Ghali.

Matarsa Salamatu ta saki muciya. Rabon 'yan'uwan nan da ko sallama tun rigimar gonar gado, yaran da aka haifa a lokacin har sun yi aure.

"Malam, Ghali fa bai zo ba. Ina gidan nan tun da ka kwanta."

"Ya zo. Nan ya zauna, ya riƙe hannuna, muka yafi juna. Har kaushin tafinsa na ji."

"A zazzaɓin nan ka ce ka ga marigayiya Inna tana tankaɗe. Ita ma za ka je mata godiya?"

Maganar ta shige shi. Ɗahiru akwai taurin kai, amma ba wawa ba ne. Ya zauna a gindin darbejiya yana auna abin. Hannun Ghali ya ji shi sarai, kamar yadda yake jin sandarsa yanzu. To ai Inna ma ya ji ƙarar rariyarta. Idan ido da kunne suna yi wa mutum ƙarya yana kwance, da me zai kama su? Abin da ya iya ganowa kawai shi ne mafarki kai kaɗai kake shigarsa, babu mai yi maka shaida. Sai tsoro ya kama shi, tsoron ya mutu da yafiyar da ba ta taɓa fita daga ƙoƙon kansa ba.

Salamatu na ta faɗan jikinsa bai yi ƙwari ba, shi kuwa ya tare ɗan acaɓa ya hau.

Ya tarar da Ghali a ƙofar gida yana ɓarar masara. Ya yi sallama, ya ce, "Na zo godiya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

Masarar ta suɓuce daga hannun Ghali. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

"Yaya, na ji kana kwance. Ban zo ba."

Ɗahiru ya ji zafin maganar har cikin ransa. Ya jingine sandarsa, ya zauna a gefen tabarmar.

"To ni na zo. Kira maƙwabta su fito su gan mu. Wannan karon da shaidu nake so."