Koriyar Ƙofa a Taswira

Da na dawo, shagon Baba yana nan yadda na bar shi. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, agogo goma sha tara a bango, kowanne da nasa ra'ayin a kan lokaci. Mutane ne kawai suka ragu. Shekara tara na yi a waje ina karatu. A cikinsu Umma ta rasu, kowa kuma ya koma duba lokaci a waya.

Yaya ne ya fara maganar, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

"Baba, zaman jiran nan ya isa haka. Ka rufe shagon ka dawo wurina. Ɗaki na nan, har da sabuwar fanka."

"Fanka ce ta rage mini a duniya?"

"Wata nawa rabon da a kawo maka aiki?"

Baba ya ɗauki hantsaki ya mayar da shi inda ya ɗauko shi. Can ya ce, "To. Ran talatin ga wata ka zo. In ka tarar da teburin nan babu agogon kowa, makulli naka ne."

Na ce su ba ni watan. Abin da na karanto ke nan: yadda za a sa ƙaramin shago ya fito a gaba idan mutum ya nemi abu a intanet.

Washegari na zauna kan benci da kwamfuta a cinya, na buɗe wa shagon shafi a taswirar intanet.

"Baba, ƙarfe nawa kake buɗewa?"

Ya waiga ya dubi agogunan bango. "Wanne daga cikinsu za ki tambaya?"

Na rubuta takwas. A wurin bayani na sa: ƙwararren mai gyaran agogo, aiki mai inganci. Na karanta masa.

"Auta, shekara arba'in ina nan, ba wanda ya taɓa shigowa ya ce yana neman ƙwararre. Cewa suke, agogon babana ya tsaya. Ko, na mamata yana gudu."

Na goge nawa na rubuta nasa. Ya fi ni gaskiya. Cikin kwana goma, duk wanda ya rubuta wa waya cewa agogonsa ya tsaya a garin nan, mu yake fara gani. Shafin yana nuna mini yawan waɗanda suka nemi kwatancen hanya zuwa wurinmu. Bakwai. Sha biyar. Talatin da ɗaya.

Ko ɗaya bai shigo ba.

Da rana nakan zauna ina kallon lambar tana hawa, agogunan suna ta ƙas-ƙas a kaina kamar yayyafi kan kwano. Sai in riƙa ganin mutanen nan talatin da ɗaya suna tafe cikin gari, kowa da agogo a ƙunshe, suna ta zagaye ba sa isowa. Baba yana goge kayan aikin da ba su yi datti ba.

Ran sha takwas ga wata na fita na tsaya a bakin shagon Tela, maƙwabcinmu, wanda bai fi shekara biyu a layin ba. Ina nan wani dattijo ya shigo layin da jaka a hammata. Ya dubi waya, ya dubi ƙofofi, ya sake duban waya. Ya je ƙarshen layi ya dawo, ya fice.

"Ga wani kuma," in ji Tela, bai ɗaga ƙafa daga keke ba. "Kwanan nan ban san abin da ya sami mutane ba. Kullum sai an tambaye ni koriyar ƙofa."

"Kai kuma me kake ce musu?"

"Me zan ce, 'yar boko? Kin ga koriyar ƙofa a layin nan? Cewa nake su gwada bayan asibiti."

Na buɗe shafin a waya kamar baƙuwa. Ban taɓa duba hoton da ke samansa ba, domin ba ni na sa shi ba. Motar nan mai kyamara a ka, wadda ke bin tituna tana ɗaukar hoto, ita ta ɗauke shi tun shekarun baya, taswirar kuma ta liƙa shi da kanta. Ga ƙofarmu koriya shar. Ga babban agogo rataye a samanta, huɗu saura minti goma. Bara waccan mai ginin ya shafe layin gaba ɗaya da fenti ruwan toka, ƙofa goma sha biyu duk kamar ƙwai. Baba kuwa bai taɓa kafa allo ba. Ƙofar ce allonsa.

A gefen ƙofar, a hoton, akwai kujerar roba. Mace na zaune a kai, ta ɗora hannu ɗaya a gwiwa, takalmi ɗaya ya zame daga ƙafarta. An dusashe fuskar, kamar yadda suke yi wa kowa. Ban buƙaci fuskar ba.

Na kai wa Baba. Ya sa gilashinsa na ido ɗaya, wanda yake duba cikin agogo da shi, ya kusanto da wayar har hancinsa.

"Jira take in rufe mu tafi," ya ce. "Kullum sai ta ce na cika nawa." Ya daɗe yana kallon hoton. "Wa ya shafe mata fuska?"

"Na'ura ce. Haka take yi wa duk wanda ta ɗauka."

"Ba ta da kunya."

Na yi masa bayani a taƙaice. Mutane na zuwa neman ƙofar da babu ita. Gyaran minti biyu ne: in ɗauki sabon hoto in ɗora a sama.

"Wannan ɗin fa?"

"Zai koma ƙasa. Yana nan, sai dai sai an tona."

"An binne ta sau ɗaya. Ya isa."

"Baba, saura kwana goma sha biyu."

"Na iya ƙirga kwana, Auta. Sana'ata ce."

Na yi niyyar canzawa ba da saninsa ba. Na fita, na ɗauki hoton ƙofar mai ruwan toka, na dube shi. Ƙofa ce kawai. Na sa wayar a aljihu.

Da safe na tarar da shi a tsaye, ya sa hula. "Ba ni aron wayar nan, ki biyo ni."

Shagon mai fenti muka je. Baba ya ajiye wayar a kan kanta ya ce wannan koren yake so. Mai fenti ya buɗe gwangwani.

"Wannan ya yi duhu," in ji Baba.

Mai fenti ya ɗiga fari.

"Yanzu ya zama ganyen latas."

"Baba, kore ai kore ne."

"Haka ake ce mini minti ɗaya ba komai ba ne."

Hasken wayar ya ragu, koren ya canza, suka koma farko. Sai da muka yi awa biyu. A hanya na ce masa a duk abin da aka koya mini, hoto ake gyarawa ya dace da wuri, ba wuri ya dace da hoto ba.

"To ba su gama koya miki ba," ya ce.

Shi ya yi shafen da kansa, da ƙaramin buroshi, yana bin kowane lungu na katakon kamar yana share haƙoran agogo. Tela ya fito da tef a wuya.

"Mai gini zai ci mu da faɗa, Baba."

"In ya zo ka ce ya gwada bayan asibiti."

Ya tono babban agogon daga ƙarƙashin tebur, ya kwance shi, ya wanke, ya rataye a tsohuwar ƙusarsa. Ya juya hannayen zuwa huɗu saura minti goma, ya tsaya a kan tsani yana kallonsu. Na san abin da yake tunani.

"Mai gyaran agogo da mataccen agogo a ƙofa," na ce. "Ko ni ba zan shigo ba."

Ya murɗa masa makulli. Agogon ya kama tafiya.

Kujerar ce ta ƙarshe. Ya ajiye ta a gefen ƙofa, ya duba waya, ya matsar da ita taƙi ɗaya. Ba wanda ya zauna. Kowace rana, in huɗu ta kusa, inuwar ginin da ke fuskantarmu takan iso daidai dokin ƙofa, layin ya yi tsit, waje da waya su zama abu ɗaya na minti guda. Baba yakan fito ya tsaya. Sannan dogon hannun agogon ya matsa, Baba ya koma ciki.

Kwana huɗu fentin yana wari. Mutum biyu suka shigo. Ɗaya batir yake nema, ɗaya ya tambayi ko muna gyaran waya. Teburin yana nan fayau.

Ran talatin Yaya ya zo tun bayan azahar da kwalaye uku a bayan mota. Ya dubi ƙofar.

"Wannan ne aikin da kika yo shekara tara kina koyo?"

"Ba ni ba ce."

"Ranar ba ta ƙare ba," in ji Baba daga ciki.

Yaya ya zauna a benci yana kaɗa makulli. Da ƙyar shagon yake ɗaukar mutum uku. Na fito, ƙafata ta gaji, na zauna a kujerar ba tare da na yi tunani ba. Iska mai ɗumi na bin layin. Keken Tela ya yi shiru. Ina jin babban agogon a saman kaina, ina jin sauran sha taran ta cikin bango, har idona ya fara lumshewa.

"Sannu, baiwar Allah."

Wata mata ce, ta manyanta, rungume da abu a cikin tawul kamar jariri. Ta dubi wayarta, ta dubi ƙofar, ta dubi agogon sama, ta dube ni.

"Sau biyu ina zuwa layin nan, wani tela ya tura ni bayan asibiti." Ta juyo mini da wayar. "Ke ce wannan?"

Na duba ƙafata. Takalmi ɗaya ya zame.

"Mahaifiyata ce. Shiga, yana ciki."

Ta kwance tawul ɗin a kan tebur. Agogon katako ne mai ƙararrawa, na mijinta, ya tsaya tun watan da ya rasu. Baba ya buɗe bayansa, ya sa gilashi, ya leƙa. Daga bakin ƙofa inda nake tsaye ina ganin matsalar: ƙura ce da busasshen mai. A shagon nan na girma. Aikin yini ɗaya ne.

"Zai tashi?" ta tambaya.

"Zai tashi, Hajiya. Amma irin wannan ba a yi masa gaggawa." Bai dubi Yaya ba. "Ki ba ni sati uku."

Yaya ya dube ni. Na dubi bango.

Ya miƙe, ya sa makullin motarsa a aljihu. A bakin ƙofa ya taɓa fentin da ɗan yatsa, ya duba ko ya kama shi.

"Kwalayen fa?" na ce.

"Ki ba Tela."

Baba ya jawo fitilar kusa, ya zaɓi mafi ƙanƙantar sukundireba.

"Auta, shigo da kujerar nan in an jima. Kada rana ta cinye ta."