Ƙuri'ar Auta

Tana gyara wa Baba matashin kai wayarta ta sake ruri. Mai ba shugaban ƙasa shawara ne.

"Honarabul, ya jikin Baba? Shugaba da kansa ya ce a gaishe shi. Ɗakin ya yi muku ko?"

"Ya yi, mun gode."

"To madalla. Sai mun gan ki a zauren majalisa. Kin san injin wankin ƙodar nan layi ake bi, masu jira suna da yawa."

Ya kashe wayar. Yau za a kaɗa ƙuri'a kan gyaran tsarin mulki: a cire iyakar wa'adin shugaba, a kuma ba shi ikon sauke alƙalai. Ƙuri'un sun yi kankankan, shi ya sa ita da ke can kujerun baya, wadda ko sunanta ba a riƙe ba, ta wayi gari 'yar lele. Abin da ya fi ci mata rai, shugaban ba mugu ba ne. Asibitin nan ma shi ya gina.

"Auta, wa ke damun ki?" Baba ya tambaya.

"Aiki ne kawai."

"Ƙodata ce ta lalace, ba kunnena ba."

Ta zauna a bakin gado. "Baba, shugaban nan mutumin kirki ne fa."

"Na sani." Ya ɗaga hannunsa na dama, mai karkatattun yatsun da suka raba shi da keken ɗinki tun tana goye. "Wanda ya yi mini wannan ma farkonsa na kirki ne. Ni na ɗinka tutocin neman ya zarce, kyauta. Ranar da 'yan sandansa suka ɗauke ni, babu alƙalin da ya isa ya tambayi inda nake. Rigar da za ku buɗa wa wannan, wani ne zai sa ta bayansa."

"In na ƙi, za su cire ka daga injin."

"Ni ban ce ki ƙi ba. Kar ki ga tsufa, ina son raina."

Da ma ya ba ta umarni, da ta fi samun sauƙi. Ta fita da haushinsa, ta yi kuka a mota.

A zauren, ɗaya bayan ɗaya ake kiran suna. Da aka zo kanta ta miƙe.

"Ban amince ba."

Gyaran bai wuce ba. 'Yan adawa suka ɓarke da tafi, 'yan jam'iyyarta kuwa ko kallo ba ta ishe su ba.

Da yamma ta tarar da takalman wasu a ƙofar ɗakin Baba. Nas ta kau da kai ta ce umarni ne daga sama, wankin gobe kuma sai an kira su.

A baranda ta same shi, kan gadon tura marasa lafiya, kwanukansa a ƙasa.

"Ya aka ƙare?" ya ce.

"Bai wuce ba."

Ya gyara kwanciya.

"Nan ma akwai iska. Ɗan ja mini bargon nan."

Ta ja masa, ta rufe ƙafafun da suka fara kumbura.