Mai Gilashi Da Kukan Ubansa

Idan mutum ya faɗi gaskiya tsagwaronta a kan wanda bakinsa ya mutu, wanda ba ya iya cewa "bari", gaskiya ya faɗa ko sata ya yi? Ni dai ban sani ba. Mai Gilashi kansa, wanda abin ya faru da shi, har yau in aka taɓo maganar sai ransa ya ɓaci.

Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Akwai babban tebur a ciki, an lulluɓe shi da tsohon bargo. A kai yake kwantar da gilashi, ya ɗora sandar awo, ya ja abin yanka, sannan ya danna gefe ya ɓalle. Sau ɗaya ake jan layi, wanda ya maimaita ya yi asarar gilashi. Bai yi nisa a makaranta ba, amma duk abin da ya faɗo hannunsa sai ya karanta, har jaridun da ake naɗe kaya da su. Shekarun baya ya buɗe shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, yana rubutu da babban yatsa in ciniki ya lafa. Tambayoyi ne abincinsa. In mutum ya kawo maka awon taga, ka san kuskure ne, ka yanka masa yadda ya ce, laifin wa? Irin waɗannan.

Ya koyi abubuwa a hanya. Ya koyi cewa shafi kamar shago ne, in ka rufe mako biyu mutane sun canza hanya. Ya koyi kada ya amsa wa mai zagi da rana tsaka, lokacin da yunwa ke cinsa. Ya kuma koyi cewa 'yan'uwa su ne na ƙarshen karanta ka. Masu bibiyarsa gaba ɗaya ba za su cika motar haya ba, mai walda ma har tsokanarsa yake yi.

"Farfesa, yau mutum nawa suka halarci lacca? Ko kai da inuwarka ne?"

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, mahaifin Mai Gilashi. Baba da ya yi shugaban ma'aikata a masana'anta, wanda in ya yi gyaran murya a ƙofar gida kowa sai ya gyara zama, ga shi hannun dama da ƙafa sun mutu, magana ta ɗauke. Hankalinsa kuwa garau. Yaya, babbar 'yarsa, ta ɗauke shi zuwa gidanta. Mijinta direban babbar mota ne, in yana gari shi ke yi wa surukinsa wanka. In ya yi tafiya, sai Yaya ta kira ƙanenta.

"Kai ne namiji, kai ne ɗansa. Ka zo ka wanke shi."

"Yaya, wallahi ba zan iya ba. Ni in ga tsiraicin Baba? Ki ce in sayo komai, zan sayo."

Ya kuwa saya. Magani, sabulu, keken guragu. Wankan dai Yaya ta riƙa yi, ta rufe ƙofa, ta rufa masa zani, ta kau da kai. Daga nan ta sa masa farar riga da hula, ta turo shi baranda, masu wucewa suna gaishe shi yana ɗaga hannun hagu kamar dā.

Wata rana Mai Gilashi ya kawo magani, ya tarar ƙofar ɗakin ba ta rufu sosai ba. Ya hango Baba ya jiƙa shimfiɗa, ya riƙe bakin zanin Yaya da hannunsa mai rai, yana kuka kamar yaron da aka yaye. Ya ajiye ledar maganin a ƙasa ya fice. A shago ya kasa aiki, sai ya ɗauki waya. Bai taɓa rubutu irin na ranar ba, kalmomin suna zuwa da kansu. Bai sa suna ba, bai faɗi unguwa ba. Ya dai faɗi shimfiɗar, da kukan, da 'yar da ke wanke ubanta.

Kafin mako ya zagayo, rubutun ya je inda bai taɓa mafarki ba. Waya ta hana shi sakat. Wani ya ce ya yi kuka a wurin aiki. Wata ta ce Allah ya ba ta ɗa irinsa. Wani kuma ya ce ya yi shekaru ba ya magana da mahaifinsa, amma da ya karanta ya hau mota ya tafi wurinsa. Wannan na ƙarshen Mai Gilashi ya karanta shi har ya haddace.

Yana tsakiyar auna gilashin kanti Yaya ta shigo. Ba ta zauna ba.

"Marubuci, sannu da aiki."

"Yaya, lafiya? Ga kujera."

"Bar kujerarka. Ka san matar maƙwabcinmu, mai bakin nan? Ta zo dubiya. Ta kawo mana ledar shimfiɗa, kyauta. A gaban Baba ta warware ta, tana cewa wai wannan ba ta ratsa ruwa, ta ga labari a waya. Tana magana tana shinshina ɗakin."

"To ai ni ban sa sunan kowa ba."

"Mai yankan gilashi nawa ne a garin nan da ubansa ya shanye, yayarsa ke jinya? Hotonka ne a saman shafin, da wannan hular taka."

"Ƙarya na yi? Ki nuna mini kalma ɗaya da na ƙara."

"Ni na ce ka yi ƙarya? Da ƙarya ka yi ai da sauƙi." Ta gyara mayafi. "Tun ranar bai yarda na fito da shi baranda ba. Abinci sai cokali biyu. Ka goge abin nan."

Nan zuciya ta ɗebe shi. Shekaru yana rubutu, wannan matar ba ta taɓa buɗe shafin ba ko da kuskure, yau da abu ya yi kyau ta zo da umarni. Ya ɗauko waya yana nuna mata.

"Ki karanta wannan. Mutum ya shirya da ubansa saboda abin da na rubuta. Wannan ba alheri ba ne? Sai mu yi ta ɓoye ciwo kamar mu kaɗai aka taɓa jarabta? Kuma ubana ne ni ma. Abin da na gani da idona, nawa ne."

"Da idonka. Ta bakin ƙofa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ba ka iya ganin tsiraicinsa, ka iya kwaɓe masa zani a gaban duniya. Wai Allah ya ba su ɗa irinka. Ka gaya musu ko soso ba ka taɓa riƙewa ba?"

"Ba zan goge ba, Yaya."

"To shi ke nan. Ka ci gaba da shan addu'a."

Ta fita. Mai walda, da ya kashe injinsa tun shigowarta don kada wata kalma ta wuce shi, ya kunna da sauri.

Ranar Mai Gilashi ya ɓata gilashi biyu. Yana jan layi yana gardama da Yaya a zuci, kuma duk zagayen shi ke cin nasara. Me ya sa mutane suka fi tsoron a ji fiye da abin ya faru? Matar da ta kawo leda ai ita ce marar hankali, don me ba a je shagonta ba? Har ya fara tsara sabon rubutu a kan masu son a binne gaskiya don kare mutunci.

Bayan kwanaki, suna cin abincin rana a gida, wani mai bibiyarsa ya turo masa abu. Wani babban shafi, irin masu tattara labaran ban tausayi, ya kwashe rubutun kaf. Sun cire sunansa, sun liƙa hoton wani tsoho da ba a san ko wane ne ba, sun sa kanun da ke cewa ka karanta in ba ka yi kuka ba zuciyarka dutse ce. A ƙasa ga tallar maganin ƙarfi.

Ya ture kwano.

"Dubi ɓarayin nan. Abu na zuciyata, sun ɗauka sun baje a kasuwa. Ko su tambaye ni."

Matarsa tana ba ƙaramarsu abinci, ba ta ko ɗago ba.

"Ba su tambaye ka ba? Ikon Allah. Mutane ba su da ta ido."

Ya dube ta yana neman inda zai kama ta da laifi, fuskarta kuwa ba ta nuna komai. Ya tashi ya ɗauki makullin babur.

"Ba ɗaya ba ne," in ji shi daga bakin ƙofa.

"Ni na ce ɗaya ne? Ka dawo da burodi."

A hanya ya yanke shawara. Tunda kowa ya zama lauyan Baba, shi zai je wurin mai abin. Zai karanta masa rubutun daga farko har ƙarshe, da saƙon mutumin da ya hau mota. In Baba ya girgiza kai, ya goge. In ya gyaɗa, kowa ya kama bakinsa.

Ya tarar da baranda babu kowa, keken guragun an jingine shi a bango, ƙura ta hau kujerar. Yaya tana tsakar gida kusa da baho, ruwan ciki ya daina tururi. Idanunta sun faɗa.

"Na zo in tambaye shi da kansa."

"Yanzu za ka tambaya? Bismillah, shiga."

Warin ne ya fara tarbarsa. Baba yana kwance ya juya wa ƙofa baya, rigar jikinsa ta yi dauɗa, gemu ya cukurkuɗe. Ledar maƙwabciya tana ninke a kan kabad, ba a taɓa ta ba.

"Baba, sannu da jiki. Ni ne."

Ya durƙusa a gefen gado, ya buɗe waya, ya gyara murya ya fara karantawa. Bai wuce layi uku ba Baba ya ɗaga hannun hagu, ya laluba har ya samu bakin bargo, ya ja shi a hankali ya rufe kansa.

Mai Gilashi ya tsaya. Wannan girgiza kai ne ko gyaɗawa? Bai tanadi wannan amsar ba.

Yaya ta shigo da baho ta ajiye. Ta taɓa kafaɗar Baba ta kan bargo.

"Baba, ka daure a goge maka jiki."

Hannun ya fito ya ture nata, da ƙarfin da ba a san ya rage masa ba. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba kalma ba ce, amma duk wanda ya tashi a gidansu ya san wannan gyaran muryar.

"Ka gani," in ji Yaya, ƙasa-ƙasa. "Tunda ya san gari ya ji 'yarsa ke wanke shi, bai bari na taɓa shi ba. Maigidan kuma sai ƙarshen wata. Bayansa ya fara ciwo."

"Zan goge rubutun."

"Goge ko kar ka goge. Na ji har wasu sun kwafa. Wannan tsakaninka da mutanenka ne." Ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara. "Ni ruwa zan ƙaro, wannan ya huce."

Ta dawo da buta, ta tsiyaya ruwan zafi a baho, ta ajiye soso da sabulu da tawul a kan kujera. Ta fita ta ja ƙofa, wannan karon har sai da ta ji ta rufu.

Waya ta yi ƙara a hannunsa, wani ya sake yin sharhi. Har yanzu ransa a ɓace yake, kuma in da za a tsare shi ba zai iya faɗin da wa ba. Ya kifa wayar a kan taga. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma gwiwar hannu a ruwan kamar yadda ya ga matarsa na yi wa jarirai, ya ɗan ƙara na sanyi.

"Baba, Yaya ta fita. Ni kaɗai ne."

Bargon bai motsa ba. Ya kama bakin bargon ya jira a ture shi. Ba a ture shi ba. Sai ya janye shi a hankali, ya tallabo kan ubansa, wanda bai zaci ya yi rashin nauyi haka ba, ya fara ɓalle maɓallan rigar.