Mai Kemis Ɗan Gida Ne

Ana tsakiyar atisaye kyaftin ɗin ƙungiyar ya ɗaga ƙwallo zai jefa a kwando, sai ya yanke jiki ya faɗi, kumfa na fita ta bakinsa. Dogo ya rugo yana ɗingishi ya tallabe shi. A jakar saurayin aka tsinci kwalabe uku na maganin tari, duk an shanye.

Shekara goma sha biyu Dogo ya yi yana buga wa ƙasa ƙwallon kwando. Da gwiwa ta ƙi, ya dawo unguwarsu, ya share juji ya yi fili, ya riƙa janyo samari daga bakin kwata, har aka ba shi shugabancin unguwa. Da ya matsa wa sauran 'yan wasan lamba, suka faɗi mai sayar musu: mai kemis na bakin titi, yayan matar Dogo.

*

Da ƙafarsa ya kai ƙara. Aka rufe kemis ranar Litinin, Laraba aka buɗe.

Washegari dattawa suka cika masa falo, suna ta kewaye-kewaye. Wai a rufa wa juna asiri, mutumin nan shi ya haƙa musu rijiya, motarsa ce ke kai masu naƙuda asibiti. Dogo yana ji. Ko ɗaya bai tambayi jikin yaron ba.

Dogo ya ce, “Baba, da ɗanka ne a kwance fa?”

Babban cikinsu ya gyara zaman hula. “Ai mu mun ba namu tarbiyya.”

Suna fita matarsa ta tare shi da kuka, wai da wane ido za ta dubi Inna, mahaifiyarsu. Ya ce ta fara zuwa ta dubi uwar yaron, wadda ta kwana huɗu zaune a simintin asibiti.

*

Ranar Asabar saurayin ya cika. Kafin a dawo daga maƙabarta kwamitin unguwa ya sauke Dogo daga shugabanci, wai ya cika zafin kai.

A wajen makoki an kafa rumfa, an jera fararen kujeru, gudummawar mai kemis. Mutane na ta sa masa albarka. Dogo ya ƙi zama, ya tsaya a rana. Daga nan yake hango mahaifin mamacin yana karɓar gaisuwa, yana jingine da kujera mai ɗauke da sunan kemis ɗin da jan fenti.