Yadda Na Koya wa Gwaggo Ta Ƙi Ni

Aikina a gidan jinyar kunkurun teku wanke tankuna ne da yanka abinci, sai tuƙin mota in ta kama. Amma in ka ji ni a gida ina zuba bayani, sai ka ɗauka ni ne likitan.

A tankin farko akwai mai ƙaton kai, wanda ke murƙushe ƙaguwa kamar gyaɗa, yana kallonka kamar kai ne na gaba. Kusa da shi mai bakin shaho, ɗan gayu, wanda kyan ƙoƙon bayansa ya ja wa danginsa masifa, don da shi ake yin kayan ado. Babbansu, mai bayan fata, ba ya zaman tanki. Sau ɗaya na gan shi a bakin ruwa, kuma ban tsaya gaisuwa ba.

Gwaggo tana tankin ƙarshe. Koriya ce, irin masu cin ciyawar teku. Masunta suka kawo ta, raga ta yanke ta a hannun gaba. Na sa mata sunan ne don fuskarta sak ta ƙanwar mahaifina, har da harara.

Da farko ta ƙi cin komai. Ni na tsaya a kanta da ganyen latas a hannu, ina lallashi, har ta karɓa. Daga nan in ta ji ƙarar takalmina sai ta taso ta ɗora haɓa a bakin tanki. Kaina ya kumbura. Duk baƙon da ya zo sai na ja shi ya ga abin.

Ran nan na ja likitarmu ta ga abin. Ba ta yi dariya ba.

"Baba, tun yaushe take zuwa wajen mutum haka?"

"Ai ba wajen mutum take zuwa ba, likita. Wajena take zuwa."

"Ba ta san bambanci ba. In ta ga inuwar mutum a jirgin ruwa, za ta bi shi neman latas. Ko farfelar jirgin ta sare ta, ko a ɗauke ta a yanka. In ba ta daina ba, ba zan sake ta ba. A tankin nan za ta tsufa."

Ashe abin da nake taƙama da shi ne zai hana ta komawa teku.

Aka zagaye tankin da tamfol. Abincinta sai a ɗaure a jikin bututu, a zura da igiya ya nutse ƙasa, ba tare da ta ga kowa ba. In kuwa mutum ya leƙa, dole ya buga jikin tankin ya fantsama ruwa, don ta koyi tsoro. Likita ta ce ni zan yi, tunda ni ta fi yarda da shi. Ga ni da furfurata, ina rarrafe bayan tamfol ba takalmi, ina ɓuya wa kunkuru. Ranar da na fara buga tankin, ta taso da saurinta, ta ji bugun, ta tsaya tana kallona. Na kasa cin abinci da na koma gida.

Matata ta ce, "Baban yara, rasuwa aka yi?"

Na gaya mata.

"'Ya'yanka ma ba ka taɓa ba su abinci a baki ba," in ji ta. "Ci ka tashi, zan wanke kwano."

Da hannun ya warke, likita ta sa aka cire tamfol, ta ce in sa takalmina in tsaya da latas. Ba zan ɓoye ba, rabin zuciyata so take ta zo. Gwaggo ta ɗago, ta gan ni, ta nutse can kusurwa ta lafe.

"Madalla," in ji likita. "Gobe da safe."

Muka kai ta bakin teku a bayan mota, lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul. Da muka ajiye ta a yashi, ta ja jiki da ƙyar har ruwa ya ɗauke ta. Can gaba akwai kwalekwalen masunta. Ta ɗago kai, ta hango su, ta nutse, ta yi wani gefen.

Na yi murna, wallahi na yi. Amma likita ce ta tuƙa mu zuwa gida, don ni ba na ganin hanya sosai.